Idon da Zan Ga 'Yar Fari da Shi

Ni dai daren jiya wani mafarki na yi, ku matso ku ji, kada wanda ya katse ni.

Na gan ni a wata kasuwa a saman rufin ɗakina. Kasuwa sosai, har da 'yan kifi. A garin, hayaƙi ƙasa yake gangarowa, mai tuya sai ta ɗage zani ya wuce. Rana na tsakar ka, amma an shimfiɗa dare a gefe guda kamar shanya, taurarinsa duk a jiki.

Sai ga Mudi jikana, da gemunsa da tumbinsa, ya saɓo bututun nan nasa na kallon taurari, mai ƙafa uku, wanda ya hana matarsa ko goge wa ƙura.

Ya ce, "Tsohuwa, an mai da Innata sama. Tana can gefen shanyar. In aka naɗe daren nan, shi ke nan, ba a sake shimfiɗa irinsa."

Innarsa ita ce 'yar farina. Ta rasu tun Mudi bai yi aure ba. Mu a zamaninmu ba a kallon ɗan fari ido cikin ido, ba a kiran sunansa. Ina haihuwarta aka ba yayata riƙo. In ta zo gaishe ni, bango nake amsa wa. To yanzu ga dama ta samu, na ce bari in ga fuskar yarinyar nan sau ɗaya, tunda ba mai ganina.

Na leƙa bututu, ba komai sai duhu.

Mudi ya ce, "Ai ba ido a jiki. Sai an zaɓo an sa masa."

Sai ga mu a rumfar wata jimina, dillaliya ce. Ta yafa mayafi a wuya, ya ƙare bai kai rabi ba. Ta baza idanun a faifai, ƙananan gilasai cikin baƙin ƙarfe, wani kamar marfin kwalba, wani kamar turmin 'yar tsana.

Na ɗau ɗaya na ƙwanƙwasa, na kara a kunne.

Jimina ta ce, "Iya, ba tukunya ba ce."

Na ce, "Ke kuma ba mutum ba ce, na yi magana?"

Ta ce wai kowanne da lamba a jikinsa, kuma mai ƙaramar lamba shi ya fi jawo abu kusa. Na dubi Mudi na ce lallai garin nan a karkace yake. Ya ce a'a, wannan ko a gida haka ne.

Na ce a ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi. Wanda ya daɗe da yunwa ba ya neman ƙaramar malmala.

Mudi ya cusa shi. Ramin leƙen kamar na allura, sai da na manna ido har kwallina ya shafe gilashin. Jimina ta yi tsaki, ta goge da fiffike. Na sake leƙawa. Kunne na gani. Kunne guda, ya cika duniya, yana rawa saboda numfashina na taɓa bututun. Kafin in ce wani abu, kunnen ya sulale gefe ya fita.

Na ce, "Ta gudu."

Mudi ya ce, "Ba gudu ta yi ba, sama ce ke tafiya. Mai ƙarfi taga tasa ƙarama ce, abu ba ya daɗewa a ciki. Ke da haɗama, matar."

Na ce, "Da na sake ka tun kana zanen goyo, da na huta."

Can gefe wasu ƙadangaru biyu masu hular dara suka kama bakin daren, suka fara naɗewa. Ba sa sauri, ba sa kuma tsayawa.

Jimina ta miƙo wani ƙato mai faɗin gilashi. Ta ce wannan ba ya kawo abu kusa sosai, amma yana da haske, da fili, ba kuma sai na dangwala ido ba. Na raina shi, na karɓa don ba lokacin ciniki.

Na leƙa. Taurari rututu kamar an zubar da gero. A tsakiya, inda Mudi ya ce take, na zuba ido sosai, irin kallon da ban taɓa yi mata ba. Ba kowa.

Na ce, "Kun cuce ni."

Mudi ya ce, "Abu mai dishi-dishi ba ya yarda a kalle shi kai tsaye. Ki kalli gefe, ki bar ta ta shigo ta wutsiyar ido."

Na ce, "Wannan kuma ba sai an koya min ba."

Na kau da ido, na sami wani tauraro can gefe na tsura masa, kamar shi na zo gani. Sai ga ta. Kanta a ƙasa, ƙafa a sama, haka bututun ke nuna mutane, amma ɗankwalinta bai faɗi ba. Tana zaune tana tsince wake. Ita ma gefe take kallo, 'yar albarka. Muka zauna haka, ni ina kallon tauraro, ita tana kallon wake.

Na ce wa tauraron, "An wuni lafiya?"

Ta ce wa waken, "Lafiya lau, Iya."

Sai ta yi murmushi, ya buɗe har haƙora. Na gan shi tsaf, duk da a juye yake. Ƙadangarun suka iso suka naɗe wurin, suka saɓa a kafaɗa suka wuce.

Na ɗago na ce wa Mudi, "Ashe wushirya ce da ita."

Ya ce, "Haba tsohuwa. Duk unguwa an sani."

Ina shirin ba shi amsa Talatuwa maƙwabciyata ta tada injin markaɗenta, ƙarar ta shigo min har ƙarƙashin bargo, na farka.