Sandar Tsoho Fung

A shekarar 1984 aka tura Pauline, wata nas 'yar Kafanchan da ke aiki a ƙasar waje, ta riƙa duba wani tsoho ɗan ƙasar Sin a gidansa da ke Germantown. Sunansa Fung. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, kuma tun da aka sallamo shi daga asibiti ya ƙi motsa hannun. Duk abin da ta ce, sai ya kawar da kai.

'Yarsa ce ta gaya mata cewa a da yana koyar da wasan makamai irin na ƙasarsu. Mashi da takobi da doguwar sanda suna nan jingine a kusurwar falo, sun yi ƙura.

Wata safiya Pauline ta ɗauki sandar, ta shiga juya ta yadda take gani a talabijin, don kawai ya dube ta.

Ya kuwa dube ta. "Ba haka ake yi ba," in ji shi da kyar. "Gyara tsayuwarki."

"To, Baba, nuna mini."

Da hannun hagu ya riƙa kwatanta mata. Ya ce mutanen arewacin ƙasarsu sukan buɗe taku su yi shara da sanda, amma na kudu, inda ya fito, sukan rage tsawo su soka da bakinta, domin a lunguna da cikin kwale-kwale suka koya. Takobi kuwa, ya ce ba yanzu ba.

Haka suka yi har sanyi ya wuce. Pauline ta lura duk lokacin da ta kuskure, kafaɗarsa ta dama takan ɗan zabura. Sai ta riƙa kuskurewa da gangan. Ranar da ya gane, sai ya ci gaba da yi mata gyara kamar bai gane ba.

Hannun bai koma daidai ba. Ya dai kai ga riƙe kofin shayi. Da aka mayar da ita aiki a Takoma Park, ba ta daina zuwa wurinsa ran Asabar ba. A hanya takan yi tunanin abin da mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana koyo, yau ga shi a jikinta, ita kuma ba ta san wanda za ta miƙa wa ba.

Da ta faɗa masa damuwarta, ya daɗe yana kallonta.

"Ni ma ban san ke ce za ki zo ba," ya ce.