Baƙin Kabad na Baba Khalilu

"Riƙe mini ƙofar kabad ɗin nan, Ƙaltume," in ji Baba Khalilu. Na ajiye kunun da na kawo masa a bakin taga, na riƙe.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka a unguwar Bani Harisa, a Madina. Kafinta ne, mutumin Chadi, tsofaffin kayan katako yake gyarawa a ɗakinsa na ƙasa. Kabad ɗin da ke gabanmu na wata dattijuwa ne a unguwar Al-Awali, gadon kakanta, aikin Faransa. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi kamar ruwan rijiya, an zana masa kogi da balbelu da mutum a kwalekwale, duka da ruwan zinariya. Zafin Madina ya tsattsaga fuskar kabad ɗin.

"Fenti suka yi masa, shafi a kan shafi," ya ce. "Kowanne sai ya bushe, a goge, a sake." Ya zaro durowa ya nuna mini wani suna da aka danna a jikin katakon. "Mai sunan nan ya fi shekara ɗari biyu a ƙasa. Amma jiya na gano inda hannunsa ya goce, ya rufe wajen da ganye. Har dariya na yi, sai ka ce tare muka koyi aiki."

'Yarsa Nadiya ta sauko da abayarta a hannu. A nan aka haife ta, rabin maganarta Larabci ne.

"Abuya, khalas, ya isa! Likita ya ce warin fentin nan ke cin ƙirjinka. Yalla, mustashfa, mu tafi asibiti."

"Saura shafi biyu."

"Ai ba gudu zai yi ba."

"Shi kam ba zai gudu ba," ya ce, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, sai ya zuba wa zanen ido. "Ƙaltume, kin ga mai kwalekwalen nan? Da safe yana bakin gaɓa. Yanzu ya kai tsakiya."

Na duba. Yana nan inda yake.

"Kogin Shari ne. Can ƙetare innata take shanya kifi. Kin ji ƙamshin?"

Nadiya ta rataye abayarta a ƙusa, ta zauna kusa da shi.

Ranar Talata ya yi shafi ɗaya. Ranar Alhamis bayan la'asar ya cika a kan tabarmarsa, kansa a cinyar Nadiya. Maza suka kai shi Harami don sallar jana'iza, mu mata muka zauna a gida.

Bayan sadakar uku direban dattijuwar ya zo ɗaukar kabad. Nadiya ta tsaya a bakin ƙofa.

"Bukra, sai gobe. Saura shafi ɗaya."

Da ya tafi na ce, "'Yar nan, idan kika ɓata musu kaya fa? Ba ki taɓa riƙe buroshi ba."

"Khala, tun ina rarrafe nake kallonsa."

Ta tsoma buroshin, ta tsane shi a bakin gwangwani, ta ja daga sama har ƙasa, numfashinta a riƙe. Ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen ƙofa ta biyu.

Muka rufe tagogi saboda ƙura, muka fito muka zauna a matakala muna jira ya bushe. Wata tattabara ta sauka a tsakar gida, tana tsattsaga cikin garin katako.