Yaya Ya Ce Ya Danna

Mijina tela ne, kuma a danginmu Tela ake ce masa, kamar ba a raɗa masa suna ba. Da hannunsa na dama muke ci muke sha: da shi yake riƙe almakashi, da shi yake tura yadi ƙarƙashin allura. Aibinsa ɗaya, yana son a ce yana da amfani, musamman a gaban yayana. Ko famfo ne ya lalace a gidan Mama, kafin Yaya ya gama tsaki Tela ya naɗe hannun riga.

Da Yaya ya sayi motar nan kuwa, kunnuwanmu sun shiga uku. Ita ba a kan sifirin ƙarfe take zaune ba kamar motocin mutane, a kan wasu jakunkunan roba ne masu cike da iska. Duk inda ta ji ta karkace, sai ta rage iska nan ta ƙara can, ta daidaita kanta. Ranar da ya kawo ta gidan Mama, tara mu ya yi a ƙofar gida yana ta zuba bayani.

"Wannan ba a sa mata jak haka kawai," in ji shi, yana ƙwanƙwasa allon da ke gefen sitiyari. "Akwai wurin da ake dannawa a nan, a ce mata ta tsaya cik. Sannan a kashe ta, kowa ya fito. In ba haka ba, tana jin an ɗaga ta sai ta fara gyara zama, ta zame daga kan jak."

Da bakinsa ya faɗa, ba wani ya faɗa masa a gabanmu ba.

Wata rana mun tashi daga gidan Mama da tsakar rana, Yaya ya ce sai ya rage mana hanya. Mun wuce gidan mai kenan tayar baya ta yi faci. Ya gangara gefen titi, ko motar bai kashe ba wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka. Da hannu kawai ya yi wa Tela nuni da baya. Tela ya fita da rawar jiki, na bi shi. Ya ciro safaya da jak daga but, ya sa dutse a bayan tayar gaba, ya sassauta notuna. Sai kuma ya tsaya, ya je ya ƙwanƙwasa gilashi a hankali. Yaya ya sauke shi kaɗan, sanyin ciki ya buso mana.

"Yaya, kamar ka ce akwai abin da ake dannawa, a kuma kashe ta."

Yaya ya rufe bakin waya da tafin hannu. "Na danna, na danna. Kashewa kuma a wannan zafin? Kai dai yi sauri."

Na ce, "Yaya, ka fito mana, ai kai ka ce kowa ya fito."

Ya yi kunnen uwar shegu da ni, gilashi ya koma sama. Na kai hannu zan buga gilashin, Tela ya riƙe min mayafi.

"Bari," ya ce da ni ƙasa-ƙasa. "Ya ce ya danna. So kike ya ce na ƙaryata shi?"

Ya ɗaga motar, ya zare tayar, ya miƙo min notunan na riƙe. Ya durƙusa ya jawo safaya, hannunsa na dama a ƙasa yana tallafe da ita don ta hau daidai. A nan na ji motar ta saki wani dogon huci. Jikinta ya motsa, jak ya kwanta gefe, ƙarfen da ake ɗaura taya a jikinsa ya sauko a kan hannun mijina.

Ihun da ya yi har yau yana tashina daga barci. Na zubar da notunan, na fizgo ƙofar direba ina kiran Yaya. Abin da na gani shi ya fi ci min rai a duk labarin nan. Bai zabura ya fito ba. Sai da ya kai yatsa ga allon, ya shiga nan ya shiga can, ya danna abin, ya kashe motar, sannan ya sa ƙafa waje. Ina tsaye a kansa, muka haɗa ido.

Masu wucewa ne suka taru suka ciccibi bayan motar, aka zaro hannun.

A asibiti, a barandar da ake jira, Yaya ya riga ni buɗe baki. Duk wanda ya zo sai ya tare shi: "Wallahi na danna, ku je ku duba allon, yana nan a danne. Bai dai saita jak ɗin daidai ba. Tela ne fa, ina ya san mota?"

Na ce, "Bayan ta faɗi ka danna. A gabana."

Mama ta jawo ni gefe, ta matse min hannu har sai da na ji zafi. "Ke ba ki da hankali? Yayan naki za ki tozarta a gaban mutane? Tsautsayi ne, ki yi min shiru."

Na shiga wurin Tela cikin fushi, na faɗa masa abin da na gani. Ya ce, "Ki bar maganar nan. Danginki ne, da su za mu zauna." Da Yaya ya shigo duba shi, har yunƙurawa ya yi zai tashi zaune, yana ba shi haƙurin tayar da bai ƙarasa ɗaurawa ba. Na fita waje na yi kuka, kuma ba na tausayi ba ne, na takaici ne.

Likita ya ceci hannun, amma babban yatsa da manuni sun sandare. Da aka cire bandeji Tela ya koma shago da ƙarfin hali. Almakashi ya ƙi zama a hannunsa. Ya gwada da hagu, ya ɓata wa wata mata leshi, ta zage shi tas a gaban maƙwabta. Masu kawo ɗinki suka riƙa ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ran nan ya dawo gida ya zauna a bakin gado, ya ce wani tela a can ƙarshen gari zai sayi keken ɗinkinsa.

Mama ce ta gaya wa Yaya, shi kuwa ya ce ba za a ɗauko mai tura kura ba yana da mota. Da hantsi sai ga shi a ƙofar shago, fes da shi, yana gaisawa da maƙwabtan da suka fito taya mu fitar da keken. Ya buɗe but, ya ce kowa ya dakata. Ya danna wani abu a jikin makulli, motar ta yi hucin nan nata, bayanta ya sauko a hankali har kusan gwiwa. Na ga Tela ya ja da baya, ya ɓoye hannun a cikin aljihu.

"Kun gani?" in ji Yaya yana dariya. "Ba sai an sha wahalar ɗagawa ba. Ita da kanta take durƙusawa."

Maƙwabta suka yi ta yaba motar. Tela ya kama ƙafar keken da hannun hagu, ya taya su turawa ciki, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya."