Mai Makulli a Aji Uku

Kwana uku da faɗuwar gwamnati, Malama ba ta runtsa ba. Komai sai take ganinsa kamar ta cikin ruwa: ƙonannun motoci a bakin titi, takardun ofisoshi da iska ke yawo da su, har fuskokin maƙwabta.

'Yan juyin juya hali sun mai da firamaren da take koyarwa sansaninsu, jagoransu kuwa ƙanin mijinta ne, wanda ake kira Dogo. Da la'asar, ruwa ya ɗauke ke nan, ya tare ta a baranda ya ɗora mata ƙaramar bindiga a tafin hannu.

"Matar yaya, mun kamo Mai Makulli. Yana ajinki. Kowa na so, amma na ce hakkinki ne."

Mai Makulli shi ne shugaban gidan yarin da aka kai mijinta shekara huɗu da suka wuce, a kan wata takarda da mijin ya buga a ɗan shagonsa na ɗab'i. Tabaraunsa kaɗai aka dawo mata da shi, a cikin ambulan.

"Yau babu tsokana?" ta ce, don Dogo bai taɓa ganinta bai yi mata gorin gajarta ba.

"In kin fito ma yi."

Barandar ta yi mata tsawo, ƙafafunta kamar ba sa taɓa ƙasa. A cikin ajin, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bencina, rufi na ɗiga cikin bokiti ɗis, ɗis. Shekara huɗu tana zana mutumin nan a ranta, ƙato mai jajayen idanu. Sai ga wani tsoho a bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa, an ɗaure masa hannu da igiyar tuta, takalmi ƙafa ɗaya.

"Baiwar Allah, ke aka turo?" ya ce.

Ta kwatanta masa mijinta: siriri, mai tabarau, yatsunsa kullum da tawada. "Me ya ce kafin ya cika?"

Tsohon ya runtse ido, ya daɗe yana lalube. "Wallahi ban tuna shi ba. Suna da yawa."

"Da ƙarya ma ka yi mini."

"Na so in yi. Na ga za ki gane."

Ta ɗaga bindigar da hannu biyu. Zuciyarta ta ce wanda bai ma tuna ba, me ya rage masa na mutum? A nan ne ta hangi mijinta a bencin baya, inda yakan zauna ya jira ta tashi yara. Bai ce harba ba, bai ce bari ba. Taga yake kallo, kamar mai sauraron wani kiɗa daga nesa. Ta jira ya waiwayo, bai waiwayo ba, har hasken ya gusa ya tafi da shi. Hukuncin ya zama nata ita kaɗai. Ta tuna bencin da tsohon yake kai na wata yarinya ne mai wawulo, wadda take lasar alli in ba a kallonta, kuma ranar Litinin za ta dawo ta zauna a kai.

Hannunta ya sauka da kansa.

"Inda kuke binne su fa?"

"Wannan kam na tuna."

Ta sassauta igiyar, ta miƙa masa alli. Ya ɗingisa zuwa allo ya zana katangar gidan yarin, da tsohuwar rijiya, da layi uku na kaburbura a bayanta. Zanen ya fita tsaf.

Dogo da ya gaji da jiran ƙarar bindiga ya leƙo. Ya dubi allon, ya dube ta.

"Yayana fa ya kashe, matar yaya."

"Ban yafe ba. Hannuna ne ya ƙi. In ya mutu yau, wa zai nuna wa sauran matan inda nasu suke?"

Dogo ya karɓi bindigarsa ya fita.

Washegari tsohon ya kai su bayan rijiyar. Kwana tara ana tono, mata na tsaye a inuwar katanga, kowace da abin da take fatan ganewa. Wasu sun gane nasu da zobe ko haƙori. Malama ba ta gane nata ba, sai ta bi kowace gawa har aka kai ta makwancinta.

Mai Makulli ya shekara biyu a gaban kotu, ciwon ƙirji ya ɗauke shi kafin a yanke hukunci. Da labarin ya zo, wasu maƙwabta suka daina gaishe ta, suna cewa ta ba shi mutuwar katifa. Ita ma wani lokacin takan tsaya da alli a hannu tana tambayar kanta ko tausayi ne ya riƙe ta ranar nan ko tsoro. Dogo ya yi wata bakwai bai taka gidanta ba. Ranar da ya zo, sai ya zauna a bakin ƙofa yana gyara mata fitilar da ta lalace, ya ce a kawo masa ruwa.