Yanar da Ba Ta Nuna Ba

Malam Yelwa Mai Allura shi ne mutum na farko da ya kwantar da yanar ido a Wunti, shekara tara kafin jirgin ƙasa ya iso Bauchi. Wata tsohuwa mai daddawa ya zaunar a kan turmi, ya zura allurar tagulla ta gefen idonta, ya tura farin abin da ya tare mata gani zuwa can ƙasa, ta ɗaga kai ta ƙirga yatsunsa biyar. Daga ranar ya kafa ƙa'idar da ɗansa Ashiru ya gada tare da allurar: ba a taɓa yana sai ta nuna.

Malam Ashiru ya ajiye allurar tun da hannunsa ya soma rawa, amma bai ajiye hukunci ba. Har ya haura saba'in ana kawo masa masu ciwon ido da hantsi, ya juya fuskarsu wajen rana, ya ɗage fatar ido da babban yatsa, ya ce ta nuna, ko ba ta nuna ba. Wanda tasa ta nuna yana iya tafiya asibiti in ya ga dama. Malam bai hana ba, bai kuma yaba ba.

Habila tela amininsa ne na shekara arba'in. Daga kudancin jihar ya zo da keken ɗinki ɗaya, ya kama shago daura da zauren Malam. Tun daga lokacin babu rigar Sallar da Malam ya sa wadda ba Habila ne ya ɗinka ba, babu kuma Kirsimetin da ya wuce ba a aiko wa zauren da shinkafa ba.

Wata safiya Habila ya tsallako yana shafa goshi.

"Malam, duba mini idon nan. Ina zura zare a allura sarai, amma sai mutum ya tsaya a gefena ban gan shi ba sai ya yi tari. Jiya ƙyauren shagona ya mare ni."

"Tsufa ne ya yi maka sallama, ka ƙi amsawa. Zauna."

Malam ya juya shi wajen rana, ya duba. Ya ga wani dishi-dishi siriri, kamar hayaƙin da ya kwana a ɗaki.

"Yana ce, amma ɗanya shar. Ka ba ta damina biyu."

"Ƙauna ta ce a je asibiti a auna."

"'Yarka 'yar jiya ce. Mahaifina ya sa wani alƙali ya jira shekara huɗu, kuma alƙalin ya rasu yana gane jikokinsa daga bakin ƙofa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

Habila ya yi haƙuri. Damina biyu ta zama uku. Duk bayan watanni Malam yakan duba, ya ga hayaƙin ya ɗan ƙara kauri, ya ce tana tafe. Habila ya daina hawa babur. Daga baya ya daina tsallaka titi shi kaɗai. Ranar da ya yanka shaddar wani ango a karkace, Ƙauna, wadda take koyarwa a Fadaman Mada, ta iso da keke mai ƙafa uku ta durƙusa a bakin zaure.

"Baba Malam, yau zan kai shi. Ba izini na zo nema ba, gaisuwa na kawo."

Malam ya saɓa babbar riga ya bi su, don kada a taɓa ɗanyar yana alhali yana raye.

Likitar, Dakta Sauda, ba ta girmi Ƙauna da yawa ba. Ta sa Habila ya ɗora haɓa a kan na'ura, ta ɗiga masa magani, ta haska, ta auna, ta sake aunawa. Malam bai jira a tambaye shi ba. Ya gabatar da kansa da sunan mahaifinsa, ya zayyana mata ƙa'idar.

"Baba, yanzu ba ma jiran ta nuna," in ji ta. "Ɗan ƙaramin yanka ake yi, a fitar da yanar gaba ɗaya, a sa wata ƙwaya ta roba a gurbinta. Wadda ta daɗe ma ta fi wuyar fita. Waɗanda aka kwantar musu kuwa, da yawa suna zuwa mana daga baya, ido ya riga ya lalace."

"Waɗanda suka warke ba sa zuwa wurinki, 'yata. Shi ya sa ba ki ƙirga su."

"Wannan gaskiya ne. Sai dai Baba Habila ba shi da yana."

Ta yi bayani a hankali. Hawan jinin ido ne: ruwan cikin ido ke matse jijiyar gani, yana cinta daga gefe zuwa tsakiya, ba zafi, ba alama. Abin da ya ci ba ya dawowa. Idon dama ya tafi. Na hagu saura kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli, kuma da maganin ɗigawa kullum ana iya riƙe wannan kaɗan ɗin.

"Da mun zo shekara uku da suka wuce fa?" Ƙauna ta tambaya.

Likitar ta dubi takardar da ke gabanta. "Mu riƙe abin da ya rage."

"Da idona na ga yanar nan," in ji Malam. "Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba."

Dakta Sauda ta dubi idonsa, sannan ta roƙe shi ya zauna inda Habila ya tashi. Ya zauna, don bai taɓa gudun hujja ba. Hasken ya shiga idonsa na dama, ya koma na hagu.

"Akwai yana, Baba, ido biyu. Taka ce kake gani."

Habila ya juya kansa gaba ɗaya har ya samo amininsa a cikin ɗan ramin da ya rage masa.

"To, Malam, ta nuna ko ba ta nuna ba?"

Ba wanda ya yi dariya, har shi mai maganar.

Bayan wata guda aka yi wa Malam aikin ido na farko, cikin lokacin da bai isa a dafa shayi a sha ba. Washegari da aka cire bandeji, abin da ya fara gani shi ne rigar da ke jikinsa, ta Sallar bara. Wuyan ya karkace. Ɗinkin aljihu ya sauka daga layi ya koma, ya sake sauka. Shekara guda yana sa ta yana shiga taro, wanda ya ɗinka bai gani ba, wanda ya sa bai gani ba.

Daga asibiti shagon Habila ya wuce. An lulluɓe keken ɗinkin da tsohon zane. Ya juya fuskar amininsa wajen rana kamar yadda ya saba, ya ɗage fatar idon. Garau yake, kamar ruwan randa.

"Habila, na cuce ka."

"Abin da ka gani ka faɗa, Malam. Ni kuma na ji naka, na bar na 'yata. Zauna, ka tare mini haske."

Tun daga ranar, kullum da hantsi Malam Ashiru yakan tsallaka titi. Hannunsa ba ya riƙe kwalba ba tare da ya zubar ba, don haka shi ke ɗage fatar idon da babban yatsa, Habila ya matsa maganin da kansa. Ƙauna tana gaishe shi in sun haɗu, a durƙushe, a taƙaice. Masu ciwon ido ba su daina zuwa zaure ba. Yakan kwatanta musu hanyar asibiti, ya koma ciki.

In aka tattara abin da gidan Malam Yelwa ya tashi da shi, ga shi: an samu ido biyu, na wanda ya yi hukunci. An riƙe ɗan abin da ya rage na ido ɗaya, na wanda ya yi biyayya. An riƙe allurar tagulla a ƙasan akwati, da amincin shekara arba'in da uku, da riga ɗaya mai karkataccen wuya, wadda Malam yake sawa kowace Juma'a.