Faɗan Murya da Fitila

Mutanen Bonto Lanra manoman ciyawar teku ne. Kowane gida yana da igiyoyinsa a ruwa, an ɗaɗɗaura musu gorunan roba don kada su nutse. In ciyawa ta isa yanka sai a baza ta a kan gadajen gora ta bushe, 'yan kasuwa su zo daga Makassar su saya. Shinkafa ba ta yanke musu, kifi kuwa sai wanda mutum ya zaɓa. Abin da suka rasa shi ne wani nasu a ofis. Babu ɗan majalisa, babu lauya, ko ɗan sanda ɗaya ƙauyen bai taɓa haifa ba. Saboda haka in abu ya dame su, jarida ce gatansu.

Jaridu biyu ake bugawa a birnin gundumarmu, Muryar Gaɓa da Fitilar Kudu, kuma tun zamanin iyayenmu ba sa ga maciji da juna. In Murya ta ce gada ta yi kyau, washegari Fitila za ta buga hoton tsagar da ke ƙarƙashinta. Mutanenmu sun daɗe da gano amfanin wannan gaba. In kana da kuka, sai ka kai wa ɗaya. In ta buga, shi ke nan. In ta hana, abin ya fi daɗi, don sai ka wuce wurin ɗayar ka ce an hana ka, ita kuwa ta ɗora labarinka a shafin farko, har da sunan editan da ya kore ka. Da haka aka samu famfon ƙauye, da haka aka canza wani shugaban asibiti mai sayar da maganin gwamnati.

A shekarar da nake ba da labari, wani jirgin kwasar yashi ya zo ya tsaya a bayan igiyoyinmu. Ruwa ya koma kamar kunu, ciyawa ta fara fari tana zubewa daga igiya. Aka taru a shagon kofi, aka zaɓi Daeng Tompo ya kai ƙara birni, domin ya yi sakandare kuma ba ya ɗaga murya. Ya ɗauki hotuna a waya, ya cika kwalba da ruwan lakar, ya tafi.

Da la'asar ya dawo. Ya ce a Murya an ce za a duba. Ya ce ya tarar tsohon ofishin Fitila ya zama shagon wayoyi, amma ya gamu da wani wakilinsu a bakin kasuwa, shi ma ya karɓi hotunan ya ce za a duba. A hannunsa kuma akwai sabuwar lema shuɗiya.

Mako ya wuce, wani ya bi shi. Kullum da safe ana buɗe jaridun biyu a shagon kofi, ana bin su shafi shafi. Suna nan suna yagar juna a kan kocin ƙungiyar ƙwallon gunduma, amma ba a ga ko kalma ɗaya a kan jirgin ba.

Aji Sattu, alhajin da ya fi kowa yawan igiyoyi, shi ya fara faɗa a fili. "Ni dai tun da nake ban taɓa ganin an kai wa Fitila nama ta ƙi ci ba. Sai dai in naman bai isa can ba." Ya kurɓi kofi. "Lemar nan kuwa tana da kyau. Ko damina ba ta zo ba."

Aka yi dariya, amma daga ranar mutane suka fara gajarta gaisuwa da Daeng Tompo. In ya shigo shagon, sai hira ta koma kan farashin man jirgi.

'Yarsa Kanang tana aji biyar a makarantar da nake koyarwa. Yarinya ce mai lura, irin waɗanda ke gyara maka kwanan wata a allo. Yara suka sa mata 'yar mai lema. Ba ta yi faɗa da kowa ba, amma a gida sai ta shiga sa ido. Ranar Juma'a uwarta ta yanka kaza, Kanang ta tambayi dalili.

"Ta daina ƙwai ne," in ji uwar. "Ko sai na kawo miki shaida?"

Kanang ta ci kazar, amma ba ta ji daɗinta ba. Da babanta ya fita masallaci, ta laluba aljihun rigar da ya je birni da ita. Ba ta samu komai ba sai tikitin mota, kuma rashin samun bai kwantar mata da hankali ba. Ta ce a ranta mai ɓoye abu ai ba a aljihu zai bar shi ba.

Daren nan Daeng Tompo ya ce gobe zai koma birni, kuma ya roƙi Aji Sattu ya raka shi, ya gani da idonsa.

"Tetta, ni ma zan je," in ji Kanang, don haka take kiran babanta. "Ina son littafin zane."

Baban ya ce, "Akwai littafin zane a shagon maƙwabciyarmu Daeng Bau."

"Nata ba su da kyau."

"To, ki shirya da wuri," ya ce.

A ƙaramar bas Aji Sattu ya tsara yadda za a yi. "Kuskurenka, Tompo, in ma kuskure ne, ka baro Murya ba tare da an hana ka ba. Za a duba ai ba hani ba ne. Yau sai mun sa sun kore mu, sannan mu kai wa Mappiare, editan Fitila, korar da zafinta. Na san shi tun yana yawo a kan Vespa. In ya ji an wulaƙanta talaka a Murya, ko abinci ba ya iya ci sai ya rubuta."

Ofishin Murya sabon gini ne a Titin Masallaci, mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura. A bakin ƙofa akwai kwando cike da lemomi shuɗaye, ana ba duk baƙon da ya zo. Daeng Tompo ya nuna kwandon da haɓa.

"Na gani," in ji Aji Sattu. "Lema ai ita ake riƙewa a hannu. Ambulan a aljihu yake tafiya."

Suka zauna jira. Kanang ta je ta tsaya gaban wani babban akwatin gilashi na kifi da aka gina a cikin bango. Ruwan ya yi kore, ciyayi sun cika bayansa. Akwai wani jan kifi mai yagaggiyar wutsiya da ke iyo a karkace, ta yi ta bin sa da yatsa.

Editan Murya saurayi ne mai fara'a. Ya sa aka kawo shayi, ya saurari komai, ya ɗaga kwalbar ruwan lakar ya duba ta a hasken taga.

"Abin tausayi ne, Aji. Muna dubawa."

"Wato ba za ku buga ba."

"Ban ce haka ba."

"To za ku buga."

"Muna dubawa, Aji. Ga biskit."

Aji Sattu ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce jaridarsu ko ƙunshin kifi ba ta yi, tawadarta tana ɓata nama. Ya ce mahaifin editan ya fi shi zuciya. Saurayin ya yi murmushi, ya ce ai kowa haka yake faɗa. Da suka fito Aji yana huci ya ce, "Wannan hani ne. Ku shaida, an hana mu."

Mai keken haya ya ce ya san sabon ofishin Fitila, a Titin Kasuwar Kifi yake. Titunan wajen duk ɓangare ɗaya ake bi, ba a juyowa, sai da ya zaga da su ta bayan asibiti da tashar mota kafin ya sauke su a gaban wata ƙofa mai jan fenti, da fitilar jaridar a samanta.

Pak Mappiare ya tsufa, gashinsa ya yi fari fat. Ya fito har ɗakin baƙi ya rungumi Aji Sattu, suka tambayi juna ciwon gwiwa.

"Mappi, na kawo maka abin da kake so," in ji Aji, yana murza hannu. "Yaron nan na Murya ya kore mu yanzun nan. Ƙauye guda yana mutuwa, shi yana ba mu biskit."

Pak Mappiare ya karɓi kwalbar, bai ɗaga ta ba, ya ajiye a gefen kujera. "Za mu duba, Aji."

Aji Sattu ya daina murza hannu. A hankali ya juya ya kalli Daeng Tompo.

"Ashe aikin ya fi yadda na zata," ya ce. "Har nan ka biyo ka gyara hanya? Masu jirgin sun ba ka na rabawa ke nan. Nawa ne rabon Mappi, nawa ne naka?"

"Aji, ka ji tsoron Allah," in ji Daeng Tompo. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Ina jin tsoronsa. Shi ya sa ban taɓa sayar da maƙwabcina ba."

Kanang ba ta iya kallon fuskar babanta ba, don tana tsoron abin da za ta gani a ciki. Sai ta juya wa manyan baya. A bangon ɗakin nan ma akwai akwatin kifi, shi ma ruwansa kore. Tana tsaye sai ga jan kifi ya fito daga cikin ciyayi, yana iyo a karkace, wutsiyarsa a yage. Ta matsa ta manna goshinta a gilashin, ta kare hasken da tafukanta. Ta tsakanin ciyayin ta hango wani ɗaki a can ɗaya gefen, da kwandon lemomi a bakin ƙofa, da kofunan shayinsu guda uku da ba a riga an kwashe ba.

"Tetta," ta ce, "zo ka ga inda muka zauna ɗazu."

Daeng Tompo ya zo ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya matsa gefe ya ba Aji Sattu wuri. Aji ya cire hularsa don ta hana shi matsawa, ya manna fuska. Daidai lokacin saurayin editan Murya ya wuce ta can da faranti a hannu, ya hango ido a cikin ruwa, ya ɗaga musu hannu.

Aji ya ɗago a hankali. "Mappi, gidan waye wannan?"

"Na masu shi," in ji tsohon. Ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga. "Wani kamfani ne daga Jakarta. Bara suka sayi Murya, bayan azumi suka saye mu. Sun sayi ta Parepare, sun sayi biyu a Kendari. Takarda ta yi tsada, Aji, yara kuma a waya suke karatu. 'Ya'yana babu mai son aikin. Injin bugu ɗaya ne yanzu, yana ƙasa, ƙarƙashin ƙafarka."

"To faɗan fa? Yau da safe na karanta ka kira su jaridar 'yan amshin shata."

"Ni na rubuta. Amsar da za su ba ni gobe ma ni na rubuta, tana kan tebur. Masu gidan sun ce faɗan yana sayar da jarida, kada a bari ya mutu. Sai dai akwai abin da ake faɗa a kansa, akwai wanda ba a yi."

"Jirgin yashin na masu gidan ne?" in ji Daeng Tompo.

Pak Mappiare ya dubi ƙofar ciki kafin ya amsa. "Ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Na dai san yashin sabuwar tashar jiragen ruwa ake kai wa, na kuma san wanda ya sayi shafinmu na baya na shekara guda. Hotunanka sun iso tun ranar da ka kawo su. Sun hau sama, ba su sauko ba."

"Kai kuma ka zauna," in ji Aji.

"Na zauna. Ka zage ni in kana so, Aji. Ka fi yaron can iya zagi, na ji ka ta bango."

Aji Sattu bai zage shi ba. Ya mayar da hularsa, ya sunkuya ya ɗauki kwalbar ruwan lakar, ya fita.

A bas, a hanyar dawowa, suka wuce gonakin gishiri. A nan ne Daeng Tompo ya tuna, ya ce, "Ba mu sayi littafin zanen ba."

"Na Daeng Bau ma za su yi," in ji Kanang, tana kallon ƙafafunta. Ya ɗora hannu a kanta, ya bar shi a nan.

Da suka sauka, Aji bai nufi gida ba. Ya kama hannun Daeng Tompo ya ja shi har shagon kofi, inda mutane ke zaune suna jiran labari. Ya dangwarar da kwalbar a tsakiyar tebur, a kan jaridun ranar.

"Ni na ɗora wa mutumin nan magana a wurin nan, a nan kuma zan sauke ta," ya ce. "Ya kai saƙo, bai ci na kowa ba. Wanda ya ƙara ambaton lema, da ni yake."

Ya ba su labarin ginin mai ƙofa biyu. Wasu suka yarda nan take. Wani ya ce shekara talatin ana gaba, ba a gama ta da bango ɗaya, sai ya gani da idonsa. Aji ya ce kuɗin mota ba shi da yawa, ya je ya gaida kifin. Daga nan hira ta koma kan wa za a kai wa kukan yanzu, aka ambaci gidan rediyo, sai wani ya tambaya shi kuma rediyon na waye. Babu wanda ya sani. Mai shago ya zuba wa Daeng Tompo kofi ba tare da ya tambaya ba, aka matsa masa a benci.

Kanang tana tsaye a bakin shagon, daga nan ana hango jirgin yana aikinsa a bayan igiyoyi. Ta gane cewa babu wanda ya sayi babanta. Waɗanda aka aike shi wurinsu ne aka saya, su duka biyun, tun kafin ya bar gida.