Farin Allon Gidan Kazama

Kazama Torakichi shi ne mutum na farko da ya auna dusar ƙanƙara a ƙauyen Oshiratani, cikin hunturun shekarar 1923. Ya sassaƙa allo, ya shafe shi da farin fenti don kada rana ta ɗumama shi, ya shimfiɗa shi a fili nesa da itatuwa. Ƙa'idar da ya kafa guda ce: ƙarfe tara na safe a soka ma'auni, a rubuta a littafi, a share allon, a ɗora shi bisa sabuwar dusa. Sau ɗaya a yini. A kan haka ɗansa ya rayu, a kan haka jikansa Rinzo ya tsufa, kuma duk safiyar da rediyon gunduma ya ambaci ƙauyen da dusa ta fi sauka, Oshiratani akan kira.

Ana nan sai Nagumo Setsu ta karɓi awon Komagaeri, ƙauyen da ke ƙetaren kogi. Ajinsu ɗaya da Rinzo a firamare, kuma bai manta cewa ba ta taɓa wuce shi a lissafi ba. Hunturu uku a jere, Komagaeri rediyo yake kira.

"Wai santimita sittin da takwas!" in ji Rinzo, ya dire kwanon shinkafa. "Gajimare ɗaya ya rufe mu, ni hamsin da ɗaya. Ko a bakin rufin ɗaki, inda dusa ke zubowa, take ajiye allonta?"

"Ci abincinka, Maigida," in ji matarsa Masae. "Dusar nan ba ta san sunan kakanka ba."

Da azahar ya ɗaura takalman dusa, ya ɗauki ƙunshin busasshen kifi a matsayin tsaraba, ya ƙetare gada. Ya tarar da Setsu tana share allonta, ƙarfe uku na rana.

"A'a, Rinzo! Kifin ne ya kawo ka, ko allona?"

"Tun yaushe ake share allo da rana tsaka?"

"Tun da ofishin gunduma ya aiko da takarda. Sau uku: tara na safe, uku na rana, tara na dare, sai a haɗa. Dusa danne kanta take yi, in ka bar ta yini guda sai ta kwanta kamar tsohuwar katifa. Kai ma ai an aiko maka."

"Na gani. Ban ga sa hannun kakana a ciki ba."

Ta yi dariya har ta dafa tsintsiya. Dariyar ce ta raka shi gida.

Bayan kwana shida aka tashi da dusa mai yawa. Rinzo ya tsaya a bakin allon, ya yi lissafinsa: in shara uku ta ba ta sittin da takwas, shara goma fa? Duk awa ya fita, ya auna, ya share, tun daga safe har faɗuwar rana. Masae tana kallonsa ta taga. Washegari ya haɗa, ya buga wa ofis waya: ɗari da huɗu. Rediyo ya kira Oshiratani, har mai sanarwa ya maimaita adadin.

Kafin ya gama shan shayi Setsu ta iso da wainar shinkafa, wai ta zo taya murna. Amma ba ta shiga gida ba. Ta nufi doguwar sandar da Torakichi ya kafa a tsakiyar fili, wadda ke nuna zurfin dusar da ta taru gaba ɗaya.

"Jiya nawa sandar ta nuna?"

"Ɗari biyu da goma."

"Yau ɗari biyu da sittin da biyu. Ɗari da huɗu suka sauko, sanda ta hau hamsin da biyu. Sauran fa, Rinzo? Da shayi ka haɗa ka shanye?"

Ya shiga ɗaki ya buɗe littafin, inda rubutun kakansa da na mahaifinsa da nasa suke jere. Awon da ƙa'ida ta nema, na shara ɗaya, ya riga ya share shi da hannunsa sau goma, babu kuma mai dawo da shi. Ya daɗe riƙe da alƙalami, sannan ya ja layi a gurbin ranar, ya rubuta a gefe: "Ba a auna ba." Ya sake buga wa ofis waya ya janye adadin.

Abin da Rinzo ya samu a wannan hunturu shi ne kira ɗaya a rediyo, da gyara ɗaya washegari, da wainar shinkafa biyar. Abin da ya riƙe kuwa shi ne farin allon, da sandar kakansa, da ƙarfe tara na safe, da littafin hunturu sittin da ɗaya mai gurbi guda. Komagaeri ta ci gaba da fita a rediyo, shi kuma ya ci gaba da rage muryar rediyon duk sa'ad da aka kira ta.